Kwaɗin dafin kibiya: daga ina dafinsu yake, kuma me ya sa ake ta sauya musu suna?

Mai Kiwon Kifi:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i ɗana ya kawo min wayarsa ya nuna min bidiyon wani ɗan kwaɗo ruwan ɗorawa, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, tsawonsa bai wuce babban yatsana ba. Mai bayanin ya ce dafin da ke jikin guda ɗaya ya isa ya kashe mutum goma. Ni dai shekarata goma sha ɗaya ina kiwon tarwaɗa, da damina da hannuna nake kwashe kwaɗi daga bakin rami ina watsarwa, ko ƙaiƙayi ban taɓa ji ba. Maganar nan gaskiya ce, ko irin ta masu neman a kalli bidiyonsu ce? In gaskiya ce, akwai irinsa a ƙasar nan? Yaran gidana ba sa rabuwa da bakin ruwa.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Alhaji, fara kwantar da hankalinka, babu shi a Afirka gaba ɗaya sai a gidan ajiye dabbobi ko a akwatin gilashin masu kiwonsa. Amma maganar gaskiya ce. Wanda ka gani sunansa Phyllobates terribilis, kuma a duk duniya wuri ɗaya yake rayuwa, wani ɗan yanki na kurmi a gaɓar tekun Pasifik ta ƙasar Kolombiya, lardunan Cauca da Valle del Cauca; a wajen kogin Saija aka fara samunsa. Masana uku ne suka yi masa suna a 1978: Charles Myers, John Daly da Borys Malkin. Kalmar terribilis ɗin ma'anarta abin tsoro. A cikin bayanin da suka rubuta sun ambaci cewa kaza da kare sun mutu a sansaninsu saboda sun ci daga sharar da aka zubar bayan an yi aiki da kwaɗin.

Shi ɗaya ne daga cikin babban dangi da ake kira Dendrobatidae, mai jinsi wajen 200, waɗanda suka bazu daga Nikaraguwa zuwa Bolibiya da Burazil. Ƙanana ne duka, mafi girmansu bai wuce santimita 6 ba, kuma da rana suke yawo, saɓanin namu da sai dare ya yi suke cika mana kunne.

Abin da nake so a lura da shi tun farko: sunan "kwaɗin dafin kibiya" da aka laƙaba wa dangin duka ya yi musu yawa. Jinsi uku kacal aka tabbatar mutane na ɗibar dafinsu su sa wa kibiya, dukansu 'yan gidan Phyllobates ne, dukansu a yammacin Kolombiya: terribilis, bicolor da aurotaenia. Da yawa daga cikin sauran ruwan ƙasa ne, ba ado ba dafin kirki, in ka gan su cikin busasshen ganye ba za ka waiwaya ba.

Jikan Maharbi:
Malam, na gode da bayani, amma bari in ɗan tsaya a kan kalma. Yaran yanzu na jin suna cewa "kwaɗo mai guba". A wajenmu abin da aka shafa wa kibiya dafi ne, haka na maciji da na kunama. Guba ita ce wadda ake ci ko ake sha. Kakana maharbi ne, na taso na ga yadda yake haɗa nasa da 'ya'yan kwankwani. A bayan gari yake dafawa, a wata tsohuwar tukunya da ba a taɓa shigo da ita gida, ya yi ta juyawa har ya yi baƙi ya yi kauri kamar ƙaro, sannan ya bi bayan kan kibiya da shi. Ba ya yarda mai ciwo a hannu ya matso kusa. To su mutanen can yaya suke yi? Dafa kwaɗon suke yi?

Malamin Bayoloji:
Baba, gyaranka ya yi daidai, kuma wannan kwaɗo ya haɗa biyun: a bakin macijin da ya haɗiye shi guba ne, a kan kibiya dafi ne. Shi ba ya cizo ba ya harbi, abin yana cikin ƙananan jakunkuna ne a fatarsa, in ya tsorata ya tsattsafo.

Mutanen Embera, wata ƙabila ta yammacin Kolombiya, su ne suka shahara da shi. Ba da baka suke harba kibiyar ba, dogon bututu suke da shi, su sa siririyar kibiya a ciki su hura da baki. In bicolor ne ko aurotaenia, sai sun tsire shi da tsinke, wani lokaci su kara shi kusa da wuta, har kumfa ta fito masa a baya, sannan su dangwala kibiyoyin. Shi kuwa terribilis ba ya buƙatar wannan duka. Danne shi ake yi da ganye ko sanda, a goga bakin kibiya a gadon bayansa, a sake shi ya tafi da ransa. Kibiyar tana iya yin shekara ba ta huce ba. Sauran ƙabilun Kudancin Amurka kuwa galibi irin na kakanka suke yi, daga tsiro, wanda ake kira kurare.

Ɗalibar Harhaɗa Magunguna:
Malam, a ba ni dama in sa baki, don nan ne ɓangarenmu. Sunan dafin batrachotoxin. Jijiyoyinmu da tsokarmu suna aiki ne da wasu 'yan ƙofofi a jikin ƙwayoyinsu, waɗanda ke buɗewa sinadarin sodiyam ya shiga, nan take su rufe. Wannan buɗewa da rufewa shi ne saƙon da ke sa hannu ya motsa, zuciya ta buga. Batrachotoxin in ya samu ƙofar sai ya tokare ta a buɗe. Saƙo ya rikice, tsoka ta ƙame, bugun zuciya ya hargitse har ta tsaya. Har yau babu makarinsa.

Baba, abin da zai ba ka sha'awa: kwankwanin kakanka shi ma zuciya yake nufa, amma ta wata hanya. Shi famfon da ke fitar da sodiyam daga cikin ƙwayar yake tsayarwa. Daga dangin wannan tsiro aka samo strophanthin, wanda likitocin Turai suka daɗe suna bai wa masu ciwon zuciya kaɗan-kaɗan. Kuma kwaɗon nan namu mai ƙurajen baya, wanda ke zama ƙarƙashin randa, farin ruwan da ke fita daga kumburi biyu na bayan idonsa a kan wannan famfon yake aiki. Shi ya sa kare in ya cafke shi yake ta dalalar da miyau. Don haka Alhaji, a riƙa wanke hannu, kada yara su kai hannu ido ko baki bayan sun taɓa shi.

Mazaunin Jamus:
Ni fa a nan zan kawo muku ja. A garin da nake akwai baje kolin dabbobi da ake yi, na je da iyalina. Na ga kwaɗin nan a ƙananan robobi ana sayarwa, har da wannan ruwan ɗorawar, da wani shuɗi mai ɗigon baƙi. Da idona na ga mai sayarwa ya sa hannu babu safa ya mayar da wanda ya yi tsalle ya fito. Gani ya kori ji. In da yana kashe mutum goma, hukumar Jamus da ba ta wasa da doka za ta bari a sayar wa kowa?

Malamin Bayoloji:
Yaya, abin da ka gani gaskiya ne, kuma shi ne ma zuciyar maganar. Kwaɗon ba shi ke ƙera dafin ba, a abinci yake tara shi. A daji yana wuni yana tsintar tururuwa, kiyashi, ƙadandoniya ƙanana, da wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin kaska da ke cikin ruɓaɓɓen ganye. Waɗannan ƙwari suna ɗauke da sinadarai masu ɗaci, shi kuma jikinsa ya iya tace su ya kai su fata ya ajiye. Wanda aka ƙyanƙyashe a akwatin gilashi, aka raine shi da ƙudan 'ya'yan itace da ƙananan gyare, ba shi da komai a fatarsa. Launin yana nan, rumbun babu hatsi. John Daly ne da abokan aikinsa suka tabbatar da haka: suka barbaɗa sinadaran a kan abincin kwaɗin da aka haifa a ɗaki, sai ga su sun bayyana a fata.

Amma a yi hattara. Wanda aka kamo daga daji yana iya riƙe dafinsa shekaru yana cikin akwati.

Jikan Maharbi:
Ɗana, wannan ta yi min nauyi. Kaza ma kiyashi take ci, ƙadangare ma haka, ban taɓa jin an ce naman kaza ya zama dafi ba. Allah ne ya halicce shi da abinsa kamar yadda ya halicci kububuwa da nata.

Ɗalibar Harhaɗa Magunguna:
Baba, Allah ne ya halicce shi, babu shakka, amma baiwar da aka yi masa ita ce ta ɗauka da ajiyewa ba tare da ya cutu ba. Kaza in ta ci, hantarta ke narkar da abin ta fitar. Shi kuwa yana da hanyar da yake jigilar sinadarin cikin jini har zuwa fata. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gano wani furotin a jinin Oophaga sylvatica da ke kama waɗannan sinadarai ya riƙe. Akwai kuma waɗanda ba ajiyewa kawai suke yi ba: an ga Dendrobates auratus yana karɓar wani sinadari ya ɗan sauya shi ya ƙara masa ƙarfi kafin ya adana.

Ga wata hujja da ta zo daga inda ba a zata ba. A 1992 wani ɗalibi mai suna Jack Dumbacher da abokan aikinsa suka sanar cewa wani tsuntsu a Niyu Gini, pitohui, yana da batrachotoxin a gashinsa da fatarsa. Yana kwance tsuntsayen daga raga ne suka yakushe shi, ya kai yatsa baki, sai ya ji bakinsa na zogi ya mutu. Tsakanin Niyu Gini da Kolombiya akwai faɗin tekun Pasifik duka, kuma tsuntsu da kwaɗo ba su haɗa komai ba. Sai a 2004 aka samu dafin a jikin wasu ƙananan ƙwari, Choresine, waɗanda tsuntsun ke ci. Ana kyautata zaton danginsu ne ke ciyar da terribilis a Kolombiya, amma har yanzu ba a kama ƙwaron da hannu ba.

Jikan Maharbi:
To 'yata, na ji. Maganar tsuntsun nan ta shige ni. Mu ma mun san zumar da ƙudan zuma ya yi daga wasu furanni tana bugarwa.

Mai Kiwon Kifi:
Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Amma Malam, na shiga intanet ina duba sunayen, kaina ya ɗaure. Wani jan kwaɗo mai shuɗin ƙafa, wani wuri an rubuta Dendrobates pumilio, wani wuri Oophaga pumilio. Shuɗin da Yaya ya gani a Jamus, wasu sun ce azureus wasu sun ce tinctorius. Wannan ba ɓata lokaci ba ne? Tarwaɗa tun kakanni tarwaɗa ce. Masanan nan ba su da aikin yi ne sai sauya wa kwaɗo suna?

Malamin Bayoloji:
Alhaji, wannan tambayar ita na fi so, don a aji ma ita ɗalibai ke yi min. Ka ɗauki abin kamar asalin mutane. Akwai dangi, cikin dangi akwai gidaje, cikin gida akwai jinsi. Sunan farko na gida ne, na biyu na jinsi. Dendrobates tsohon suna ne, tun 1830, ma'anarsa mai hawa bishiya. Phyllobates kuma 1841, mai hawa ganye. A da, duk wanda aka gani da launi mai ɗaukar ido kuma ba shi da haƙori sai a jefa shi gidan Dendrobates, mai launi da haƙori ya tafi wani gida, marasa launi kuma a tara su a Colostethus, har wannan gidan ya haura jinsi ɗari. Wato da riga ake raba 'yan uwa.

Da aka fara karanta ƙwayoyin gado sai asiri ya tonu. Aka ga wani mai ado ya fi kusa da wani marar ado fiye da mai ado ɗan uwansa na suna. Ma'ana, haɗa launi da dafi ba sau ɗaya ya faru a dangin ba, ya ɓullo a rassa daban-daban, kowanne da kansa. Kama da wane ba ta wane.

A 2006 Taran Grant da tawagarsa suka fitar da wani babban aiki a mujallar gidan tarihin halittu na Amurka da ke Niyu Yok, suka sake zana bishiyar gaba ɗaya. Suka cire wani babban reshe na marasa launi, fiye da jinsi ɗari a yau, suka ba shi danginsa na kansa, Aromobatidae. Abin da ya rage suka kasa shi uku: Colostethinae, Hyloxalinae da Dendrobatinae. Tsohon gidan Dendrobates suka raba shi: Oophaga, Ranitomeya, Adelphobates, Minyobates. Daga baya aka ƙara Excidobates a 2008 da Andinobates a 2011. Yau jinsi biyar kawai suka rage a Dendrobates: auratus, leucomelas, tinctorius, truncatus da nubeculosus.

Shuɗin kuwa nasa akasin haka ne. A 1969 aka yi masa suna azureus, daga wasu tsibiran kurmi da ke tsakiyar filin ciyawa na Sipaliwini a kudancin Surinam. A 2006 aka gwada aka ga tinctorius ne ya sa shuɗiyar riga. Aka mayar da shi gida.

Ni a ganina sabon sunan ya fi faɗin gaskiya. Oophaga ma'anarsa mai cin ƙwai, kuma duk 'yan gidan haka 'ya'yansu ke rayuwa. Da ka ji sunan ka san halin.

Ɗalibin Digiri na Biyu:
Malam, da girmamawa, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. Juan Carlos Santos da abokan aikinsa a 2009 sun nuna cewa gidajen da aka ɓalle daga Dendrobates ai kakansu ɗaya ne, reshe guda ne cikakke. To in haka ne, babu abin da ya tilasta a farfasa shi. Raba Colostethus wajibi ne, don an tara waɗanda ba 'yan uwa ba. Raba Dendrobates kuwa zaɓi ne. Haka Aromobatidae: har yau akwai masanan da ke lissafa su cikin Dendrobatidae a matsayin ƙananan rassa. Bishiyar ɗaya ce, inda za a sa zarto ne ake jayayya.

Kuma sauya suna yana da tsada. Tun 1987 da yawa daga cikin kwaɗin nan ke cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji. Jami'in kwastan da ke filin jirgi, takarda a hannunsa, in sunan da ke kan akwati bai yi daidai da na jerinsa ba, ta nan ɓarawo ke samun ƙofa. Likitan da ke neman tsohon bincike shi ma sai ya san sunaye biyu.

Malamin Bayoloji:
Ƙanena, ka yi gaskiya a kan cewa zaɓi ne, ban musa ba. Amma ka duba abin da babban gida ke ɓoyewa. In ka ce Dendrobates kana nufin jinsi hamsin, ka haɗa wanda uwa ke ciyarwa da ƙwai, da wanda uba ke zubarwa a kududdufi ya yi tafiyarsa, da 'yan mitsi-mitsin Ranitomeya da ba su kai santimita 2 ba. Sunan ya daina gaya maka komai. Matsalar kwastan kuma gyaran takarda ce, an saba rubuta tsohon suna kusa da sabo.

Ɗalibin Digiri na Biyu:
Sai dai mu bar shi a haka Malam. Ni ma Oophaga nake rubutawa, don shi mujallu suka karɓa. Abin da nake ƙi shi ne a koya wa yara kamar saukakke ne.

Ɗalibar Harhaɗa Magunguna:
Ni kuwa ina da misalin da ya sa nake ganin tantance jinsi ba wasa ba ne. A 1974 Daly ya samo wani sinadari daga fatar wani kwaɗo a Ekwado, ya gwada a kan ɓeraye ya ga yana kashe zafin ciwo fiye da mofin, maganin ciwon nan mai ƙarfi, wajen sau 200. Abin da ya samu ɗan kaɗan ne, waɗanda aka raina a ɗaki kuma ba su da shi, sai a 1992 na'urori suka kai ga gane siffarsa, aka kira shi epibatidine. Shekaru ana rubuta cewa daga Epipedobates tricolor ya fito, daga baya aka gane Epipedobates anthonyi ne. Mai son komawa daji ya nemo, in ya bi sunan farko, wani kwarin daban zai nufa.

Maganin kansa bai yiwu ba, don tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da abin da zai kashe ta yi ƙanƙanta. Kamfanin Abbott ya ƙera wani mai kama da shi, ABT-594, aka gwada a kan mutane, tashin zuciya da amai suka sa aka ajiye shi. Ina faɗa ne don masu yaɗa cewa "ana maganin ciwo da kwaɗo". Ba a kai nan ba.

Hajiya Uwar Biyu:
Ni duk rigimar sunan nan ta wuce ni. Malam, koma kan maganar uwa mai ciyar da 'ya'ya da ƙwai. Kwaɗin da na sani zuba ƙwai suke yi a ruwa kamar zaren carbi su kama gabansu.

Malamin Bayoloji:
Hajiya, nan ne abin ya fi taɓa zuciya. Ɗauki Oophaga pumilio na Kosta Rika da Fanama, jan nan da bai fi ƙwayar dabino ba. Ba a ruwa take ƙwai ba, a kan ganye take ajiye 'yan kaɗan a ƙasa. Uban ne ke gadi, kullum ya zo ya jiƙa su da ruwan jikinsa kada su bushe. In sun ƙyanƙyashe, uwar ta zo ta tsuguna, ɗa mai jela ya murgino ya manne a bayanta. Goyo sosai. Ta kama bishiya ta hau da shi. A kan rassan akwai wasu tsirrai dangin abarba, waɗanda ruwan sama ke taruwa a hammatar ganyensu, wani bai fi cikin cokali ba. Ta sauke shi a ɗaya, ta koma ta ɗauko na biyu ta kai shi wani daban, don in aka haɗa su babba zai cinye ƙarami.

Wannan ɗan ruwa babu abinci a cikinsa. Sai ta riƙa zagayowa bayan 'yan kwanaki, ta tuna inda ta ajiye kowanne, ta shiga da baya cikin ruwan. Ɗan ya ƙame jikinsa ya riƙa karkarwa yana gogarta, alamar yunwa, ita kuma ta saki ƙwai marasa ɗa ya ci. Haka za ta yi wajen wata ɗaya da rabi har ya fitar da ƙafafu. An kuma gano cewa a cikin ƙwan nan har da ɗan dafi take sa masa, ya fito da kariyarsa.

A Peru akwai Ranitomeya imitator. Shi miji da mata ɗaya suke zama, an gwada ƙwayoyin gadon 'ya'yansu a 2010 an tabbatar, kuma shi ne na farko da aka samu da haka a duk dangin kwaɗi. Mijin ke zagaya 'ya'yan, in ya ga mai yunwa ya yi ta kira har matar ta zo ta ba shi ƙwai. Ɗan uwansa variabilis da ke amfani da ruwa mai ɗan yawa, inda ɗa zai iya ciyar da kansa, bai san wannan zama ba. Ƙanƙantar ruwan ce ta ɗaure auren.

Hajiya Uwar Biyu:
Allahu Akbar. Halitta kamar ƙwayar dabino tana goyo tana hawa bishiya. Na karanta wa 'yan biyuna, sun hana ni sakat sai na nemo musu hoto.

Mazaunin Jamus:
Wannan imitator ɗin na gan shi a wurin nan, kala huɗu a robobi huɗu, na ɗauka jinsi huɗu ne.

Malamin Bayoloji:
Jinsi ɗaya ne, sunansa ma mai kwaikwayo. A kowane yanki yana ɗaukar rigar wani mai dafi da ke zaune a wurin: nan ya yi ɗigo-ɗigo irin na variabilis, can ya yi ratsi irin na summersi, gaba ya yi jan kai irin na fantastica. Shi ma yana da dafinsa, ba ƙarya yake yi ba. Amfanin shi ne tsuntsun yankin darasi ɗaya zai koya, ya ɗanɗana ɗaya ya tofar, ya ƙyale duka. Kyan ɗan maciji ke nan, launin shela ce. Pumilio kuma a tsibiran Bocas del Toro na Fanama kusan kowane tsibiri da kalarsa, ja, kore, shuɗi, ruwan lemo, amma duk jinsi ɗaya. Ka ga dalilin da ya sa launi ya yaudari masanan farko.

Yaya, tunda kana zuwa wurin, ka riƙa tambaya ko a gida aka haife su. Oophaga lehmanni na Kolombiya masu kamawa suna sayarwa sun kusa ƙarar da shi. Oophaga speciosa na Fanama kuwa a 2020 aka ayyana ya ƙare a duniya. Ga saran daji, ga haƙar zinariya a kogunan yankin terribilis, ga cutar fumfuna mai cin fatar kwaɗi. Ita wannan cuta sunanta ma daga gare su aka samo shi, Batrachochytrium dendrobatidis, don a jikin shuɗin nan aka ware ta a gidan dabbobi na Washinton, aka yi mata suna a 1999.

Mai Kiwon Kifi:
Malam, ka ce babu shi a Afirka. To bara da damina na ɗaga wani tsohon bulo a bayan ramin kifi, na tarar da wani kwaɗo sumul, bayansa ja, gefensa baƙi, ba ya tsalle sai tafiya a hankali kamar mai rarrafe. Kuma gwano ne cike a wurin, ba su taɓa shi ba. Na mayar da bulon na bar shi. Wannan fa?

Ɗalibin Digiri na Biyu:
Alhaji, ka yi gamo da abu mai daraja. Yadda ka siffanta shi ya yi daidai da Phrynomantis microps, na filayen Afirka ta Yamma ne, har da Najeriya. Ba ɗan dangin waɗancan ba ne ko kusa, danginsa Microhylidae. Yana fakewa a gidan gwano lokacin rani don akwai laima. Mark-Oliver Rödel da abokan aikinsa sun nuna a 2013 cewa fatarsa na fitar da wasu sinadarai da ke hana gwanon kai masa hari, alhali wani kwaɗon in ya shiga sai sun kashe shi. Ruwan jikinsa yana zafi in ya samu rauni ko ido, amma ba irin na Kolombiya ba ne.

Wanda ya fi kama da su a ɓangarenmu na duniya shi ne Mantella na Madagaska: ƙarami, mai launi, mai yawon rana, mai tara dafi daga tururuwa. Masanan farko har cikin Dendrobates suka sa shi. Shi ma ba ɗan uwansu ba ne, danginsa Mantellidae.

Malamin Bayoloji:
A nan ni da ƙanena bakinmu ɗaya. Alhaji, in ruwa ya sauka ka sake ɗaga bulon nan da safe, amma ka yi hankali da gwanon. Kada ka kama shi da hannu. Ka ajiye kwalin ashana kusa da shi don a gane girmansa, ka ɗauki hoton baya da na gefe, ka rubuta rana da sunan ƙauyen, ka turo mana. Sannan ka mayar da bulon yadda ka same shi.

Mai Kiwon Kifi:
In sha Allahu. Hadari ma ya haɗo ta gabas yanzu haka. Na gaya wa yaran kada wanda ya taɓa bulon nan sai ina wurin.